Kwana Bakwai A Duwatsun Azbin Da Rawanin Yadi Biyar

Cikin watan Janairu na shekarar 2006, sa'ad da hunturu ya kankama, ni da wasu abokan aikina biyu muka ɗauki hutu muka nufi ƙasar Azbin, can arewacin Jamhuriyar Nijar. Niyyarmu ita ce mu yi kwana bakwai muna yawo a cikin duwatsu, duk inda dare ya riske mu nan za mu shimfiɗa tabarma mu kwana a filin Allah. Mun tashi daga Kano da asuba, muka bi ta Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, muka kwana a Damagaram. Kashegari muka miƙa arewa ta Tanut, cikin ƙasar Damargu, muna tafe itatuwa suna ta raguwa suna gajarcewa, har ya zamana ba abin da ido ke gani sai ƙaya da tsakuwa. Bayan tafiyar kilomita wajen 450 daga Damagaram, da la'asar sakaliya, sai muka hango hasumiyar masallacin Agadas ta tsaya cikin hazo.

Kafin in ci gaba ya kamata in gaya wa mai karatu irin shirin da na yi, don a nan ne wautata take. Na yi mako biyu ina zagaya shaguna ina sayen kayan da na ga Turawa masu yawon buɗe ido suna sawa a cikin hotuna. Na sayi hular nan mai baki a gaba wadda yara ke kira hana-salla, da hular sanyi ta ulu, da baƙin tabarau, da wani ƙyalle na roba-roba da aka ɗinka kamar ƙafar wando, wanda ake zura kai a ciki ya zauna a wuya, in an so a ja shi ya rufe hanci. Rawani kuwa ko kusa bai zo mini a rai ba. A inda na tashi rawani abin sarakuna ne da hakimai da limamai, shi ya sa ma in an ba mutum sarauta ake cewa an naɗa shi. Ma'aikacin ofis irina ya wayi gari ya fito da rawani, ai sai maƙwabta su tambaya wace sarauta aka ba shi, wa kuma ya ba shi.

Agadas gari ne da Bahaushe ba ya jin baƙunta a cikinsa, gama Hausa ce harshen kasuwa da na titi, ko da yake da wani irin karin harshe nasu. Hasumiyar da muka hango ta ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, da itatuwa a soke a jikinta ta kowane gefe waɗanda magina ke takawa in za su yi yaɓe. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, watau ba ta daɗe da sabuntawa ba sa'ad da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin cikin 1850. Daga baya, a 2013, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Na hau hasumiyar ta wata matattakala mai ƙunci, wadda can sama sai mutum ya karkace kafin ya wuce, na leƙa ƙasa na ga maza suna kai da kawowa, kusan kowa kansa a naɗe, fari da baƙi da shuɗi. A raina na ce al'ada ce kurum.

Wanda zai yi mana jagora wani dattijo ne Ba'abzine, dogo, siriri, wanda tun yana yaro yake bin ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma. Da daddare ya zo masaukinmu don ya duba kayanmu. Ya ga bargunanmu ya gyaɗa kai, ya ɗaga jarkokin ruwa ya ƙirga, sa'an nan ya kai kan hulunana. Ya ɗauki hana-sallar ya juya ta, ya ce, "Malam, wannan ta rufe goshi. To, ƙeya fa? Kunnuwa fa?" Na nuna masa ƙyallen robar da alfahari. Ya ja shi ya saki, ya ce abu ne mai kyau, amma gobe in je kasuwa in yanko yadi biyar na farin auduga. Na ce, "Baba, ai na gama shiri." Bai yi mini gardama ba. Abokaina biyu suka tafi kasuwa suka yanko nasu, ni kuwa na tsaya ɗaukar hoton maƙeran azurfa.

Daga Agadas zuwa Timiya, inda muka nufa, kilomita 200 ne da 'yan kai, amma hanyar ba ta da kwalta, duwatsu ne da busassun ƙoramu, har tafiyar da za a yi cikin sa'a uku a kan titi sai ta ci yini biyu in ana tsayawa. Muka bi ta Dabaga a cikin tsohuwar mota mai shiga yashi. Ranar farko muka sauka daga mota muka taka a ƙasa wajen sa'a huɗu a cikin wani kwari. Iska tana da sanyi, saboda haka ban ji zafin rana ba ko kaɗan, ashe nan ne haɗarin yake. Da magariba na ji ƙeyata da saman kunnuwana suna raɗaɗi kamar an shafa barkono. Ƙyallen robar tun hantsi na tuɓe shi, don ya manne mini a hanci, ya jiƙe da numfashi, ƙura ta haɗu da laimar ta zama caɓi. Leɓɓana suka tsage. Da dare sanyi ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba ko a Jos, har ruwan da muka bari a buta da ƙyar na iya alwala da shi da asuba. A nan dai hular ulu ta yi mini rana, ba zan ci amanarta ba. Amma da na farka sai na tarar na yi haɓo, jini ya bushe a gefen bargo.

Rana ta biyu da azahar iska ta taso daga gabas. Ba guguwa ba ce irin ta labari, wadda ke binne ayari, iska ce kawai mai ƙarfi ɗauke da rairayi, tana bugun fuska kamar ana watsa wa mutum gero. Muna tsaye a kan wani tudu sai ta fizge hana-sallata, na ga ta yi sama ta faɗa wani rami tsakanin duwatsu inda ko akuya ba za ta sauka ba. Na tsaya kai ba hula, idanu cike da ƙasa, ina tari. Dattijon bai yi dariya ba, ko kuwa ya yi ban gani ba, tun da ba a ganin bakinsa. Ya buɗe burgamensa ya zaro wani farin ƙyalle a naɗe, ya miƙo mini. Ashe tun a Agadas ya yanko shi, ya sa kuɗin a cikin lissafin guzuri.

Ya zaunar da ni a bayan wani dutse ya koya mini naɗi. Ana ɗora ƙyallen a ka, a bar gefe ɗaya gajere, kamar kamu biyu, yana reto. Dogon gefen sai a murɗe shi a hankali, a riƙa zagaya kai da shi, zagaye na farko ya sauko ya rufe saman kunnuwa da ƙeya, na bayansa su riƙa hawa, a ƙarshe a soke bakin a cikin naɗin. Gajeren da aka bari shi ake jawowa ta ƙarƙashin haɓa, a shimfiɗa shi a kan baki da hanci, a soke a ɗaya gefen. Wannan shi ne amawali, kalmar da muke faɗa a Kano kullum ba mu san daga bakin Abzinawa muka karɓo ta ba. Sau uku ina naɗawa yana warwarewa. Ya ce kuskurena ɗaya ne, ina ɗaurewa kamar mai ɗaure dami, alhali kuwa so ake iska ta sami wurin zama tsakanin ninki da ninki, ita ce ke tare zafi da rana, ita ce kuma ke tare sanyi da dare.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne amawalin. Na ɗauka ƙura kaɗai yake tarewa. Ashe duk numfashin da mutum ya fitar yana barin 'yar laima a jikin audugar, wanda ya shaƙa kuma sai ya bi ta cikinta ya ɗan jiƙa kafin ya shiga hanci. Ƙyallen robar da na zo da shi ma yana riƙe laima, amma shi a manne yake da fata, falle ɗaya, amawali kuwa sakwa-sakwa yake, in wuri ya jiƙe sai a ɗan matsar da shi a kawo busasshe. Daga ranar ban sake haɓo ba, ƙishirwa ma ta ragu. Likitoci sun daɗe da lura cewa sanƙarau ya fi yaɗuwa a ƙasashenmu a watannin rani, sa'ad da busasshiyar iska da ƙura suke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. Ba na cewa rawani rigakafi ne, allura ce rigakafi, amma wanda ya yini cikin hazo bakinsa a rufe ya san bambancin da ke tsakaninsa da wanda ya yini a buɗe.

Su Abzinawa kuwa abin ya wuce maganar ƙura. Namiji yakan fara naɗi in ya balaga, daga nan kuma abin kunya ne a ga bakinsa, balle a gaban surukai ko manya. Na lura da dattijon nan in za mu sha shayi, yakan cusa ɗan kofin ta ƙarƙashin amawali ya kurɓa. In baƙo ya tunkaro zangonmu, sai ya ja amawalin sama har ya kusa taɓa idanu. Matansu ba su rufe fuska, mayafi suke yafawa, wasu da wani ƙarfe mai siffar mabuɗi a ɗaure a gefensa don nauyinsa ya hana iska kwashewa. Da na san wannan dabara da watakila har yau ina da hana-sallata.

Cikin sauran kwanakin na daina ƙirga ayyukan da na ga ƙyallen nan ya yi. Mun yi salla a kansa inda tsakuwa ta yi kaifi. Direbanmu ya ɗaura nasa tsakanin mota da wata ƙaya ya yi inuwa sa'ad da yake gyaran taya. An ƙunsa dabino a ciki, an yi gammo da shi don ɗauko itace. Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ta huɗu. Jarkarmu babba ta tsage saboda girgizar hanya, ba mu ankara ba sai da ruwan ya tsiyaye ƙarƙaf, abin da ya rage bai fi na yini ɗaya ba ga mutum shida. Dattijon ya san wata rijiya a gefen ƙorama, muka isa da yamma, sai muka tarar ruwa ya ja ƙasa, igiyar gugarmu ta gaza da kamar gaba biyu. Ba wanda ya ce uffan. Yaron mota ya warware rawaninsa, na warware nawa, aka murɗe su tare aka ƙulla a bakin igiyar, guga ta taɓa ruwa. Ruwan ya fito da laka da 'yan ƙwari, aka ninka bakin rawani huɗu aka ɗaura a bakin jarka aka tace, sa'an nan aka tafasa wanda za a sha. Tacewa da ƙyalle ba ta kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa tafasawar, amma tana tare ƙananan halittun ruwa da ke ɗauke da kurkunu. Da irin wannan tacewa, haɗe da gina rijiyoyi masu tsabta, aka yaƙi kurkunu a ƙauyukanmu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi.

A daren nan yaron motar ya yanke tafin hannu da gwangwani. Na yage kamu ɗaya daga bakin rawanina aka ɗaure masa. Dattijon yana kallo ya ce a zamanin da suke ratsa Tenere, tafiyar mako uku zuwa Bilma, sukan ce matafiyi yana ɗauke da likkafaninsa a ka. Ya faɗa ne kamar mai faɗin farashin gero, ya ci gaba da hura wuta.

Timiya kuwa sai wanda ya gani. Bayan kwana da kwanaki cikin baƙaƙen duwatsu, kwatsam sai ga kwari kore shar, da dabino da lemo da rumman, ana ban ruwa da raƙumi yana jan guga ya je ya dawo. A kan tudu akwai tsohuwar ganuwar sojan Faransa tana kallon garin, can gefe kuma wani ruwa yana gangarowa daga dutse zuwa cikin tafki mai sanyi. Mun dace da ranar suna a gidan wani ɗan'uwan jagoranmu. Da ya fito da hantsi ban gane shi ba. Ya ajiye farin rawaninsa na tafiya, ya naɗa wani baƙi mai ɗaukar ido, in rana ta buge shi sai ya yi wani ja-ja kamar wuyan tantabara. Na yaba, na tambaye shi daga wace ƙasa ake kawo irin wannan. Ya dube ni ta tsakanin naɗin ya ce, "Malam, kai fa ka ce daga Kano kake. Wannan ai ɗan Kura ne."

Kura ba ta fi tafiyar rabin sa'a daga ƙofar gidana ba, na kuwa wuce ta a mota ba iyaka in za ni Zariya. A nan ake haɗa siraran ƙyallaye na saƙar hannu, kowane faɗinsa bai fi ɗan yatsa ba, a ɗinke su da yawa gefe da gefe, a tsoma a marina a cikin baba sau da yawa har ya yi baƙi ƙirin, sa'an nan a kai mabuga a barbaɗa shuni a yi ta bugu a kan gungume har ya yi wannan ƙyalli. Barth da ya iso Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin da ake rinawa a ƙasar Kano suke kaiwa har Gat da Murzuk da Tambutu. Shunin yakan zuba a fata, shi ya sa Turawa ke kiran Abzinawa shuɗɗan mutane, su kuwa suna son wannan zubar, suna ganinta ado. To, amma kada mai karatu ya ce zai sayi ɗan Kura don kwanan daji. Yana da tsada ƙwarai, ba a wanke shi, ba a tace ruwa da shi, ba kuma wanda zai yarda ya zura shi a rijiya. Shi kansa dattijon da aka watse daga suna ya ninke shi ya mayar cikin takardarsa.

Tun da na dawo mutane da dama masu shirin tafiya, ko hawan dutse, ko zaman sansani, sun tambaye ni abin da za su saya, ga kuma abin da nakan gaya musu. A nemi auduga tsantsa mai laushi, yadi huɗu zuwa biyar. Wanda bai kai haka ba ba zai isa naɗi da amawali tare ba, wanda ya wuce kuma nauyi ne ga wanda bai saba ba, ko da yake Abzinawa kan naɗa ninkin wannan. 'Yan kasuwa da yawa sukan rantse auduga ce alhali da haɗin roba, saboda haka a zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana: auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa sai ta narke ta dunƙule. Wannan gwaji ba wasa ba ne ga wanda zai riƙa sunkuyawa a kan murhu kullum dare, gama roba in ta narke manne wa fata take yi. A kara ƙyallen a baki a hura, in iska ta wuce ba wahala to ya yi. A wanke shi kafin tafiya don sitaci ya fita, in ba haka ba santsi zai sa ya riƙa warwarewa. Mata kuma ba sai sun nemi wani abu dabam ba, gyale babba na auduga zai yi duk wannan aiki in an san yadda za a soke shi.

Game da launi an daɗe ana gardama. Wasu masu bincike sun gwada baƙar riga da fara a hamadar ƙasar Larabawan ƙauye, suka buga sakamakon a 1980, suka ce in rigar mai yalwa ce zafin da ke isa jiki kusan ɗaya ne, don iskar da ke yawo a ƙarƙashinta takan kwashe abin da baƙin ya tara. Ni dai fari na fi so, don dalilina na kaina: in za a tace ruwa ana ganin abin da aka tare, in an ɗaure rauni ana ganin ko jini ya tsaya. Abokina ya fi son shuɗi, wai ya fi rage ƙyallin rairayi a ido, kuma bai cika nuna datti ba.

Rawani ma yana da inda ya gaza, ba zan ɓoye ba. Cikin damina na taɓa hawa tsaunin Mambila da shi, ruwa ya kama ni, ya jiƙe ya zama kamar na ɗauko tulu a ka, sanyi kuma ya shige ni fiye da in da kaina a buɗe yake. Auduga in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, ulu kuwa yana riƙewa ko da laima. Don haka hular ulu ba ta fita daga jakata, da ita nake barci, rawanin in naɗa a wuya. Malfa irin ta Fulani ta fi kowane abu inuwa in rana ta take, kuma na sha ganin makiyaya sun ɗora ta a kan rawani sun ɗaure igiyarta a haɓa, sai dai ba a kwanciya da ita, a mota ma ba ta da wurin zama. Haɓar kada ta kakanninmu, mai kunnuwa biyu da ake saukewa in sanyi ya yi, ita ma ban ga abin da hulunan kanti suka fi ta ba, illa dai yanzu sai a ranar hawan salla ake ganinta. Ƙyallen robar nan ma daga baya na sami inda ya dace, watau a kan babur, inda dogon rawani zai iya warwarewa ya shiga taya.

Shekara guda bayan tafiyarmu, a 2007, tawaye ya sake ɓarkewa a duwatsun Azbin, hanyoyin da muka bi suka rufe ga masu yawo, ban kuma sake komawa ba. Ranar da muka rabu da dattijon a tashar Agadas na so in mayar masa da rawanin, ya ce ai da kuɗina aka saya, kuma ya riga ya gajarce da kamu ɗaya. Na taho da shi a kaina har Damagaram, har Kwangwalam, ba wanda ya dube ni sau biyu. Da muka tsaya shan mai a Daura sai wani yaro mai sayar da rake ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe." Abokaina suka fashe da dariya. Na koma cikin mota na warware shi, na ninke, na tura ƙarƙashin kujera, na shiga Kano kai ba hula.